Agogo Ba Ya Faɗin Gobe

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, a miƙa wa waninmu agogo, a ce shi ne malamin wasanni. Ran da zai zaɓi 'yan tseren mita 800 ko 1,500, sai ya yi hankali, gama yaron da aka mayar baya a ranar nan, wataƙila ba zai sāke sa ƙafa a fili ba. Ga abu huɗu da ya kamata a duba kafin a gaskata agogo.

Na fari, a auna filin. Kewaye ɗaya mita 400 ne. In ya gaza da mita 10, to, tseren 800 ya ragu da mita 20 ke nan. Ga yaron da ke gamawa cikin minti 2 da sakan 20, kyautar wajen sakan uku da rabi aka yi masa.

Na biyu, a rubuta lokacin kowane kewaye dabam. A ce yara biyu sun gama cikin minti 2 da sakan 20. Ɗaya ya yi 62 da 78, ɗaya kuwa 69 da 71. Na farin yana da sauri, jimiri da dabarar raba ƙarfi ne ya rasa, waɗannan kuwa ana koyonsu. Na biyun ya iya raba ƙarfinsa, sai a gwada shi a 1,500.

Na uku, a dubi girman jiki. Wani yakan balaga da wuri, ya yi ta kayar da tsaransa shekara biyu, sa'an nan su iske shi. Kada a raina ƙanƙanin da ke biye da shi.

Na huɗu, a tambayi yawan horon da kowa ya sha. Wanda ya yi lokaci mai kyau ba da horo ba, yana da sauran tafiya a gaba.

Ku tuna da tseren mita 800 na wasannin Olamfik a Landan, 2012. David Rudisha na Kenya ya ci, cikin minti 1 da sakan 40.91, ba a taɓa yin irinsa ba. Shi kuwa da gajeren tsere ya fara, malaminsa Colm O'Connell ne ya ga abin da ke jikinsa, ya kai shi 800. Nijel Amos na Botswana ya zo na biyu da minti 1 da sakan 41.73, yana da shekara 18 kaɗai, amma shekara goma suka wuce bai fi wannan lokaci ba.

Saboda haka kowa ya nemi ɗan littafi, ya riƙa rubuta lokacin kowane yaro wata-wata, da shekarunsa, da yanayin rana. Bayan shekara guda littafin nan zai nuna wanda ke hawa da wanda ya tsaya. Kafin nan, kada mu ce wa ɗan kowa ba ya iyawa.