Tsaka-Mai-Wuya a Cikin Maganaɗisu

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu shirin jarrabawar fizis, kada mu ɗauka duk abin da maganaɗisu bai ja ba to babu maganaɗisu a cikinsa. Jar ƙasar nan da muke takawa a Zuru, sinadarin hematayit na cikin abin da ke ba ta launi. Kowace ƙwayar zarrar ƙarfe a cikinsa tamkar 'yar kibiya ce mai nuna wani ɓangare, amma kibiyoyin sun jeru ne wasu sama, wasu ƙasa, sai ƙarfinsu ya kusan kashe juna. Irin waɗannan abubuwa ake kira antiferomagnet. Bafaranshe Louis Néel ne ya yi bayaninsu, kuma ya samu kyautar Nobel a 1970.

To ina matsalar take? Ku samo murfin kwalba guda huɗu, ku jera su a kusurwoyin murabba'i. Doka ɗaya ce: in wannan yana kife, na kusa da shi ya kasance a buɗe. Nan take za ku gama, kowa ya bi doka.

Yanzu ku cire ɗaya, ku jera ukun kamar duwatsun murhu. Na farko a kife, na biyu a buɗe. Na ukun fa? In ya kife ya yi daidai da na farko, in ya buɗe ya yi daidai da na biyu. Ya shiga tsaka-mai-wuya ke nan, kuma haka ƙwayoyin zarra ke shiga idan sun jeru a siffar alwatika. Ku lissafa da kanku: hanyoyin jera murfin uku guda 8 ne. A 2 duka ukun sun yi iri ɗaya, a sauran 6 kuwa an karya dokar sau ɗaya tak. Shidan nan ƙarfinsu ɗaya, shi ya sa abin ya rasa wadda zai zaɓa. Tun 1950 Gregory Wannier ya nuna cewa irin wannan jeri na alwatika ba ya samun tsari guda ko da an sanyaya shi matuƙa.

Wani lokaci kiristal ɗin da kansa yake raba gardamar. Manganis oksayid siffarsa kamar ɗan akwati ce mai ɓangarori daidai, kuma alwatika sun cika cikinsa. Idan sanyi ya kai wajen digiri 155 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sai akwatin ya ɗan matse ta kusurwa ɗaya. Da zarar ɓangarorin sun daina zama daidai, wasu maƙwabta sun fi wasu kusanci, sai kibiyoyin su bi na kusa su samu tsari.

Saboda haka, in an ba ku irin wannan tambaya, kar ku fara da haddar suna. Ku zana jerin ƙwayoyin tukuna, ku duba ko akwai alwatika a ciki, sannan ku ɗora kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.