Karkataccen Gungume Ma Yana Ba Da Katako

Wani mai injin yankan katako daga Illo, a ƙaramar hukumar Bagudo, ya tambaya: yaya zai yi da karkatattun gumagumai, masu janyo masa asara?

To Malam, kada ka nace sai ka fitar da dogon katako. Datse gungumen daidai inda ya lanƙwasa, ya zama gajeru biyu ko uku, kowanne kusan miƙaƙƙe. Kafintoci na neman irinsu don benci, kujera da firam ɗin taga.

Wajen yanka, sa ƙusumbin yana kallon sama, ka tokare gungumen sosai, ka fara share wannan gefen. Ka ƙara kauri kaɗan, domin itacen da ya tashi a karkace yana tanƙwarewa bayan yanka, kuma maɗaci ya cika yin haka. Jera katakon a inuwa, da ƙananan sanduna tsakaninsu da nauyi a sama. Idan ya bushe, a sake daidaita shi. Zafin rana da iskar hunturu suna tsaga ɗanyen katako, a kiyaye.

Wanda lanƙwasarsa ta yi yawa, nuna wa masu gyaran kwalekwale a bakin kogin Neja.

Idan gungumen na madobiya ne kuwa, ka sani tun 2017 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe. Tuntuɓi malaman daji kafin ka karɓi wadda aka tsallako da ita daga Jamhuriyar Benin.