Jarrabawar Mota Kafin a Ɗora Mata Iyali

Ya kai mai karatu, idan ka tsaya a bakin Kwangila da hantsi kana kallon motocin magidanta suna gangarowa daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari, to ka sani da yawa daga cikinsu an taɓa ragargaza 'yar'uwarsu da gangan, domin a san halin da ɗan Adam zai shiga ranar da ƙaddara ta sauka.

Ga yadda ake yi. A Turai, tun 1997, hukumar Euro NCAP takan zaunar da mutum-mutumi mai na'urorin awo a kai da ƙirji da cinya, a ɗaura masa bel, a sa na yara a baya, sa'an nan a sako motar ta daki shinge. Shekaru da dama gudun da aka tsayar shi ne kilomita 64 a sa'a. Bayan nan sai a ba ta taurari gwargwadon yadda ta kāre na cikinta, biyar ne matuƙa.

Abin da ya bayyana ya saɓa wa hukuncin da muke yi a bakin gareji, inda mai saye yakan ƙwanƙwasa bodi da yatsa, in ya ji tauri ya ce wannan ita ce mota. A 2009 a Amurka aka haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, duk da kaurin ƙarfenta, sai mazaunin direba ya rufta, sabuwar kuwa gabanta ya lanƙwashe ya shanye bugun, ɗakin zama ya tsira. Ashe lanƙwashewar nan rahama ce da maƙera suka nufa.

Amma fa a lura, shaidar taurarin nan ta motar da ta fito daga masana'anta ce. Wadda ta yi haɗari a can ƙetare kafin a shigo da ita, aka miƙe ta da guduma, aka shafe da fenti, aka rufe gurbin jakar iskar da ke kāre mutum yayin karo babu komai ciki, wannan ba ita aka jarraba ba, ko da dillali ya rantse.

Tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kafin ka biya kuɗi ka tafi da makanikin da ka amince da shi ya duba shasi da jakar iska. Bel kuwa, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta wajabta tun 2003, ka ɗaura, uwargida ma ta ɗaura, yara su koma kujerar baya, kada a rungume jariri a gaba.