Ka Yi Lissafi Kafin Ka Kafa Harsashi

Ɗan'uwa, in ka bi hanya daga Tsibiri zuwa Maradi, ko ka nufi Jiratawa, za ka ga ɗakunan da aka tayar har kan taga aka bari. Kuɗi ne suka ƙare. Bangon ƙasa kuwa in damina ta same shi ba rufi, zubewa yake yi. A cikin Luka 14:28-30 Ubangiji ya yi misali da irin wannan mutum. Ga abubuwa biyar da za su taimake ka.

1. Ka zauna da matarka da magini, ku rubuta kome: tubali, yashi, siminti, katako, kwano, ƙusa, ƙofa, taga, ruwa, ladan magini da na lebura. Kada a manta da kuɗin amalanke.

2. Ka tambayi farashi a shago uku. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Malbaza ko na Nijeriya. Kada ka saye shi tun da wuri, gama laima takan daskarar da shi.

3. Ka ajiye kashi ɗaya cikin goma a gefe. Farashi ba ya zama wuri ɗaya. A 1994 an rage darajar kuɗin sefa da rabi. A 2019 Nijeriya ta rufe iyaka fiye da shekara guda, kayan da ke zuwa ta Jibiya suka yi wuya.

4. Ka dubi wurin da kyau. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon garin Maradi, aka komo da gari kan tudu. Fili mai araha a kwari yana da tsada daga baya.

5. Ka biya magini kashi kashi, bisa ga aikin da ya gama, a gaban shaida. Kada ka riƙe masa hakkinsa. Kowace dala ta fita, a rubuta.

Kada ka sayar da hatsin rumbu saboda gini, kada kuma ka ci bashi mai ruwa. Gara ɗaki ɗaya mai rufi da uku marasa rufi. Ka fara bayan kaka, ka rufe kafin ruwan fari.

Tambayoyi: Nawa ke hannunka yau? In kwano ya ƙara kuɗi, me za ka rage? Wa zai riƙe littafin lissafi a gidanku?