Kafin Ka Sayi Tayil: Gyaran Banɗaki a Tsohon Gida

Yawancin masu gyaran banɗaki daga shagon tayil suke farawa. A zaɓo mai sheƙi, a kira mai aiki, cikin kwana biyu an lulluɓe bango da daɓe. Damina ɗaya ko biyu sai bangon ɗakin da ke jikin banɗakin ya fara jiƙewa, fenti na ɓarewa, farin gishiri na tsattsafowa daga gindin gini. Ruwan da ke cin gidan yana nan, ado kawai aka rufe shi da shi.

Maigida, kuɗinka ya fara shiga ƙarƙashin daɓe. Sa a fasa tsohon daɓen a ga bututu da ido. Tsofaffin gidaje da yawa bututun ƙarfe aka sa musu, tsatsa kuwa daga ciki take ci, shi ya sa famfo ke zuwa a raunane ko da jan ruwa. A fitar da su gaba ɗaya a sa na roba, kada ka yarda da faci. Bututun fitar da bahaya inci 4, na fitar da ruwan wanka inci 2 ya isa. Kowace magudana a sa mata lanƙwasar nan da ruwa ke kwanciya a cikinta, ita ke tare wari da kyankyaso. A kuma ɗaga bututun fitar da iska ya zarce rufi.

Inda na fi jin tsoro shi ne gidan ƙasa da aka yi wa filasta, irin waɗanda suka cika cikin birnin Kano, Zariya da Katsina. Ginin ƙasa yana shan damshi ya kuma fitar da shi. In aka manna masa tayil, damshin ya rasa mafita, tubali ya yi laushi daga ciki ba wanda ya sani, wata rana tayil da filasta su sauko tare, wani lokaci har da katangar. Magani shi ne a tayar da sabon bangon bulo daga ciki, a kan nasa tushe, tayil ya hau kansa. Banɗakin zai ɗan ragu, amma katangar gado za ta tsira.

Daɓe kuma sai da gangare, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, duk ya nufi magudana. A haɗa simintin da sinadarin hana ruwa, a shafa har ya hau bango. A riƙa ba shi ruwa tsawon mako guda, musamman in lokacin hunturu ne, don busasshiyar iska na tsattsaga sabon siminti. Bayan nan a toshe magudana, a tara ruwa ya kwana biyu, ka leƙa ɗakunan da ke kewaye. In babu alamar jiƙa, to, yanzu ka isa zuwa shagon tayil. Na ƙasa ka zaɓi mai kaushi, don santsi ya karya ƙugun dattawa da yawa.

Maganar sokawe ba ta wasa ba ce. Ma'aikatan lafiya na son a bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya. A unguwar da gidaje suka matsu ba a samun wannan, sai a yi rami mai siminti ciki da bai wanda ba ya yoyo, in ya cika a kira motar kwashewa. Tsohon masai kuma a yashe shi, a cike da ƙasa a daddanne kafin a yi gini a kai. Kada ka bar kowa ya shiga ramin, iskar da ke ciki tana kisa.

Tun kafin a binne bututu ka nuna wa mai aiki alƙibla, don kada masan ya fuskance ta ko ya ba ta baya, gyara bayan an gama fashe-fashe ne sabo. In akwai tsohuwa ko mai ciwon gwiwa a gidan, a sa masan zama da ƙarfen dafawa a bango. Makunnin wuta ya zauna daga waje, na'urar dumama ruwa kuma a haɗa ta da wayar da ke sauke wuta ƙasa.

Ladan mai aiki kuwa ka raba shi mataki-mataki, kason ƙarshe sai an gwada ruwa a gabanka.