Darasi na 9: Fito da Launin Jan Ƙarfe da Wuta, da Yadda Ake Tsare Shi

Manufar darasi: kafin a tashi, kowace mamba ta iya gane jan ƙarfe na gaske, ta san yadda wuta ke fito da launinsa, ta san abin da ake shafa masa don launin ya daɗe, kuma ta iya lissafa riba da faɗuwa kafin ta nemi rance.

Lokaci: awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Gabatarwa

Iyayena da yayyena, a cikin sana'o'in da mace za ta iya yi a tsakar gidanta da jari kaɗan akwai gyaran kayan ado na jan ƙarfe: mundaye, awarwaro, zobba da 'yan kunne. Ba ƙira za mu koya ba. Ƙira tana da masu ita, su ne maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, kuma wurinsu za mu riƙa sayen kayan a yanke, a lanƙwashe. Namu aikin shi ne na ƙarshe: wankewa, fito da launi, da shafe. A nan ne munduwa ke ƙara daraja, a nan ne kuma take lalacewa idan aka yi garaje.

Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, can wajen Agadas a Nijar ta yau, ya tarar ana haƙo shi ana narkarwa, ana yin 'yan sanduna da shi ana sayen nama da itace da gero, ana kuma kai shi Gobir da Borno. Shi ma tsarin da muke zubi a kansa daga maƙwabta ya zo: a Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara a 1991. To, yau dubarar wuta za mu ƙara a kan ta zubi.

Daga ina launin ke fitowa?

Babu fenti a wannan aiki, babu garin rini. Idan jan ƙarfe ya ɗauki zafi, iska tana haɗuwa da fuskarsa ta yi masa wata 'yar fata siririya, wadda ba ta kai kaurin gashi ɗaya ba ko kusa. Haske ne ke wasa a kan fatar nan ya ba da launi. Kun taɓa ganin ɗigon fetur a kan ruwan kududdufi yana yin launin bakan gizo? To, abin ɗaya ne.

Yadda zafi ke ƙaruwa, haka fatar ke ƙara kauri, launin yana sauyawa bi da bi: ruwan goro, sai ja-ja, sai shunayya, sai shuɗi, sai ya yi fari-fari kamar azurfa, sai ruwan zinari. In aka ci gaba, sai ya dushe ya koma ruwan toka, daga nan baƙi mai ɓarewa. Launi ba ya komawa baya. In kin wuce shuɗi, kin wuce ke nan, sai dai ki wanke ki sake daga farko.

Abu biyu za mu riƙe daga nan. Na ɗaya, tunda fatar siririya ce haka, ko maiƙon yatsa ya isa ya ɓata ta tun kafin ta fito. Na biyu, gumi da sabulu da gogayya suna cinye ta cikin ɗan lokaci idan ba a rufe ta ba. Shi ya sa wanki da shafe suka fi hura wutar muhimmanci.

Mataki na 1: Tabbatar da ƙarfen

Ba duk abu mai ja ne jan ƙarfe ba. Da yawa daga kayan adon kasuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Ku gwada da mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar rediyo ne: jan ƙarfe ba ya kama shi. Sannan ku kankare wani lungu da wuƙa. In cikin ja ne kamar wajen, madalla. In fari ne, rufi ne kawai. In rawaya ne, tagulla ce, wato jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya, kuma ba ta ba da launuka masu kyau kamar tsantsar jan ƙarfe.

Abubuwa uku ne ba za su shiga wutarmu ba:

* Waya mai rigar roba. A feɗe robar da wuƙa, kada a ƙone ta. Hayaƙinta guba ne.
* Wayar cikin fanka ko injin ban ruwa. Tana da wani shafe a jikinta, shi ya sa take ƙyalli, kuma shi ma hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.
* Duk abin da aka liƙe da dalma, ko ƙarfen da ba mu san asalinsa ba.

A kan dalma ba wasa. A 2010, a wasu ƙauyukan Zamfara, yara fiye da 400 sun rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinari da ake dakawa a cikin gidaje. Aikinsu daban da namu, amma darasin ɗaya ne: abin da uwa ta shigo da shi tsakar gida, ƙaramin yaro ne ke fara sa shi a baki. Ku gaya wa maƙeri tun farko cewa ba ku son liƙin dalma.

Haka nan, kada arha ta ruɗe mu mu sayi waya a hannun wanda bai iya faɗin inda ya samo ta ba. Ana yawan satar wayoyin lantarki don jan ƙarfen da ke ciki, kuma kuɗin ƙungiya ba ya shiga kayan sata.

Mataki na 2: Wanki

1. Jiƙa tsamiya, ko ki matse lemun tsami, ki zuba gishiri kaɗan. Yi amfani da tsohuwar roba wadda aka ware don wannan aiki kaɗai.
2. Tsoma kayan na 'yan mintoci, ki goge da tsumma har jan ya fito fes.
3. In akwai tabo, goge da toka mai laushi.
4. Ɗauraye a ruwan kanwa marar ƙarfi don ya kashe tsamin, sai ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta.
5. Tsane da tsumman auduga, ki bari ya bushe sarai.

Daga nan hannu ba ya sake taɓa shi, sai awartaki ko filaya. Ruwan wankin kuwa a haƙa ɗan rami a zuba, nesa da rijiya da inda kaji da awaki ke sha. Robar wankin ba ta komawa madafa.

Mataki na 3: Wuta

Abin da ya fi sauƙin sarrafawa shi ne ɗan ƙaramin kan gas mai feso wuta, irin wanda ake ɗura masa gas na laita. In babu, garwashin gawayi a kurfoti ma yana yi, sai dai a jira hayaƙi ya ƙare tukuna, kuma a riƙe kayan sama da garwashin, kada a tura shi ciki.

Ki zauna a fili, a inuwa, inda ba iska. A cikin rana tsaka ba a ganin harshen wutar gas sosai, launin ma ba a ganinsa da kyau. Ki ɗora kayan a kan busasshen jan bulo. Ki ajiye bokitin ruwa kusa. Ki ɗaure mayafi ko hijabi ta baya, don yadin roba yana kama wuta nan take, ya narke a jikin fata. Ba a wannan aiki da goyo, kuma yara su yi nisa har kayan su huce.

Ki riƙe wutar da ɗan nisa, kina yawo da ita a hankali, ba ki tsaya wuri ɗaya ba. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ki janye ki duba. Launin ya fi fitowa bayan an janye wutar, kuma yana ci gaba da tafiya saboda zafin da ya rage a jikin ƙarfen. Don haka in shuɗi kike so, ki janye tun yana shunayya. Wanda ya jira ya ga abin da yake so kafin ya janye, ya makara.

Siririn abu kamar ɗan kunne yana ɗaukar zafi da sauri, munduwa mai kauri tana buƙatar haƙuri. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, mu kuwa ko rabin haka ba ma nema. In kin ga ƙarfen ya fara yin jan garwashi, kin wuce gona da iri: zai yi baƙi, kuma zai yi laushi har munduwa ta riƙa lanƙwashewa a hannu. Baƙin yana fita da ruwan tsamiya, laushin kuwa sai an mayar wa maƙeri ya sake bugawa.

Ki bar kayan a kan bulon su huce da kansu. Jan ƙarfe mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido, kada ki gwada da yatsa.

Mataki na 4: Shafe

A yi shafe a ranar da aka yi launi. Hanyoyi biyu ne.

*Kakin zuma.* Ana samunsa wajen masu cirar zuma. Tun kayan na da ɗan ɗumi, a shafa kaɗan ƙwarai da tsumma, a bari ya kama, a goge da yadi mai laushi har ya daina danƙo. Yana da arha, ba ya wari, amma yana gogewa da wuri. Ya fi dacewa da 'yan kunne da abin wuya, waɗanda ba sa shan gogayya.

*Banish marar launi.* Ko na gwangwanin fesawa, ko man farce marar launi ga ƙananan kaya. A yi shafe siriri sau biyu ko uku, ana bari ya bushe tsakani, sannan a ajiye kwana ɗaya kafin a sa a leda. Ya fi kaki daɗewa, shi ya dace da mundaye da zobba. A shafa har ciki, wajen da ke taɓa fata. Banish yana kama wuta, saboda haka sai an kashe gas, an kawar da kurfoti, sannan a buɗe shi, kuma a fili.

Kada ki yi mamaki in launin ya sauya bayan shafe. Shuɗi da shunayya sukan dushe, ja da ruwan goro sun fi tsayawa. Ki gwada a kan guntu ɗaya kafin ki shafa wa duka. Man gyaɗa, man kaɗe da basilin ba shafe ba ne, ba sa bushewa, ƙura kawai suke tarawa. Da hunturu a kife kwando a rufa zane a kai saboda ƙura. Da damina a zaɓi ranar da gari ya bushe, don laima tana sa banish ya yi hazo.

Gaskiya ga mai saye

Jan ƙarfe da gumi suna barin kore a fata idan shafen ya goge. Sabulu yana wanke shi. Amma ki faɗa wa mai saye tun kafin ta biya: ta cire in za ta yi wanki ko wanke-wanke, kada ta fesa masa turare, ta dawo da shi a sake shafawa in ya dushe. Ƙugiyar ɗan kunne, wadda ke shiga huda, a sa ta azurfa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Kada ki kira shi zinari, ko da wasa. A ƙauye masu sayenki maƙwabtanki ne, kuma mace ɗaya da ta ji an cuce ta ta isa ta rufe miki kasuwar gidan biki.

Lissafi kafin rance

Ga misali kawai, kowace ƙungiya ta sa farashin kasuwarta:

* Mundaye 20 daga maƙeri, kowace naira 600: 12,000
* Gas, banish, kaki da leda: 4,000
* Kuɗin mota: 2,000
* Jimla: 18,000

A ce biyu sun lalace, kin sayar da 18 a kan naira 1,500, kin sami 27,000. Saura 9,000, kuma daga ciki za a cire abin da dokar ƙungiya ta ce a ɗora a kan rance, in akwai. Ku lura: sai kin sayar da guda 12 sannan uwar kuɗi ta dawo. In an dawo miki da rabin kayan saboda launi ya goge, bashin ƙungiya yana nan a wuyanki, kuma kuɗin 'yan uwanki ne.

Shawarata ita ce ƙungiya ta sayi kan gas ɗaya na kowa da kowa, a rubuta shi cikin littafi, ma'aji ta riƙe. Kada a ba da rance don wannan sana'a sai mamba ta kawo guda uku da ta yi da hannunta, wata ta sa ɗaya na mako biyu an ga yadda ya ƙare. Wadda ta ci wannan gwaji, ta shirya kayanta wata guda kafin ƙaramar Sallah, babbar Sallah, Sallar Gani da lokacin bukukuwan kaka. Ta fara da gidajen unguwa kafin ta aika kaya kasuwar Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure ko Sandamu.

Tambayoyin tattaunawa

1. Ta yaya za ki bambance jan ƙarfe da tagulla da ƙarfe mai rufi?
2. Me ya sa ake janye wuta kafin launin da ake so ya fito?
3. Wata mamba ta sami waya mai arha amma mai sayarwa ya ƙi faɗin inda ta fito. Me ƙungiya za ta ce mata?
4. Da farashin garinmu, guda nawa za a sayar kafin uwar kuɗi ta dawo?

Aikin gida: mata biyu su je wajen maƙerin fari mafi kusa, ko su aika, su jiyo farashin mundaye da zobba marasa liƙin dalma. Kowace mamba kuma ta zo zama na gaba da guntun jan ƙarfe biyu, ɗaya wankakke, ɗaya yadda yake. Za mu sa su a wuta tare mu ga bambancin, in Allah ya kai mu.