Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: In Famfon Ruwan Mota Ya Fara Yoyo

'Yan'uwa, in mun ga ruwa yana ɗiga daga ƙaramin ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, bayan fanka, to, robar ciki ta mutu. Ƙara ruwa a lagireto kowace safiya ba magani ba ne. A-kori-kurar ƙungiya in ta ɗauko masara daga Saminaka, inji ya yi zafi ya mutu a dajin Birnin Gwari, babu bakanike, kuma ba wurin kwana ba ne.

Mu bar inji ya huce sarai tukuna, gama tururin lagireto yana ƙona mutum. Sa'an nan mu tsiyaye ruwan, mu sassauta fambel, mu kwance fanka da tiyo da notunan famfon. Mu tafi da tsohon kasuwar Panteka a Kaduna a gwada, domin na Peugeot 404 dabam yake da na Hilux.

Inda aka fi yin sakaci shi ne tsohon gasket. Sai an kankare shi tas kafin a sa sabo, in ba haka ba yoyo zai dawo. Mu ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, bi da bi. Kada fambel ya yi tauri ainun, yakan cinye boris ɗin sabon famfo. Mu cika ruwa mai tsabta, mu ta da inji, mu leƙa ƙasa.